Hattara da kasuwar “infekshan”

A Kano a yau babu kalmar asibiti da ta kai “infekshan” kawo ciniki. Daga Bata zuwa titin France Road, daga bakin kasuwar Abubakar Rimi zuwa tashar manyan motoci ta New Road, ita ce ke fita daga lasifikar da aka ɗaure a kan tsohuwar mota, ita ce a jikin takardun da ake mannawa a bango da bayan A Daidaita Sahu, ita ce kuma mai kemis ke faɗa ƙasa-ƙasa idan mace ta sunkuyar da kai ta kasa bayyana abin da ke damunta. Mai ƙaiƙayi an ce mata infekshan. Mai ciwon mara an ce mata infekshan. Wadda ta shekara uku da aure ba ta haihu ba, da wadda ta yi ɓari, da wadda al'adarta ta rikice, da magidancin da ƙarfinsa ya ragu, da saurayi mai ciwon baya, da dattijon da fitsari ke yi wa gardama, duk suna ɗaya ake raɗa wa ciwonsu, duk kuma kwalba ɗaya ko ƙullin kafso ɗaya ake miƙa musu. Wannan ɓarna ce, kullum ƙara yaɗuwa take yi, kuma shirun waɗanda suka san gaskiyar al'amarin ya yi yawa.

A wurin likitoci ma'anar kalmar ba boyayya ba ce. Ƙwayar cuta ce ta shiga jiki, ta samu wurin zama, ta hayayyafa. Shi ke nan. Amma ƙwayoyin cutar iri-iri ne, kuma ba sa jin magani ɗaya. Akwai bakteriya, su ne ke kawo tarin fuka da kwalara da taifot da ciwon sanyi. Akwai bairos, masu kawo mura da ƙyanda da shan inna da ƙanjamau. Akwai dangin funfuna, masu kawo makero. Akwai kuma halittun da ke rayuwa a jikin wasu, irin wadda sauro ke zubawa a jini da irin tsutsotsin ciki. Duk wanda ɗaya daga cikin waɗannan ta kama, yana da infekshan. Yaron da ke kwance da ƙyanda yana da shi, mai maruru a hammata yana da shi, mai mura ma haka. Magungunan da ake kira antibayotik kuwa bakteriya kaɗai suke kashewa, su ma ba kowace bakteriya ba, kowane da irin waɗanda yake iyawa. Saboda haka idan likitan kirki ya ce “infekshan”, bai gama magana ba, yanzu ya fara. Saura ya san wace ƙwaya ce, a wace gaɓa take, wane magani take ji, kwana nawa za a sha.

A kan titin France Road ɗin da na ambata asibitin cututtuka masu yaɗuwa yake, wanda mutanen gari ke kira Asibitin Zana. A 2023, lokacin da mashaƙo ya ɓarke a Nijeriya kuma Kano ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, yaran da aka riƙa kwantarwa a can maƙogwaro a toshe, infekshan ne ya kwantar da su, na gaske, mai kisa cikin 'yan kwanaki, wanda allurar rigakafi kyauta ke hanawa. Ba ka taɓa jin mai lasifika ya ambaci wannan. Babu riba a cikinsa.

A wannan asibitin ne kuma, a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan, inda aka sa yara kimanin 200 a cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kanawa ba su yafe ba, kuma suna da gaskiya. An yi ta shari'a har zuwa 2009 da kamfanin ya amince da sulhu na dala miliyan 75 da gwamnatin jihar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Trovan antibayotik ne, kuma dangi ɗaya yake da sifro ɗin da yaron kemis ke ƙirga wa mutum a tafin hannu yau ba tare da takardar likita ba. Ba ina daidaita laifin biyu ba ne. Ina cewa mutanen da suka san zafin a ba 'ya'yansu magani ba tare da cikakken bayani ba, bai kamata su wayi gari suna ɗura wa kansu dangin wannan magani a kan kalma ɗaya da ba wanda ya fassara musu ba.

Yadda kalmar ta faɗo kasuwa ba abin mamaki ba ne. Tun kafin zuwanta Bahaushe yana da “sanyi”, kuma sanyi gida ne mai ɗakuna da yawa: sanyin ƙashi, sanyin mara, sanyin da ke hana haihuwa, da ciwon sanyi wanda ake ɗauka ta hanyar kwanciya. Mai tallar magani ya ga sanyi ya tsufa a kunnen 'yan boko, sai ya ɗauko faɗin sanyi ya sa masa rigar asibiti. Yanzu zai ce maka infekshan yana yawo a jiki, yana motsi a ƙarƙashin fata, yana hawa kai ya sa mantuwa, yana sauka ƙafa ya sa zafi, yana cinye maniyyi, yana daskarewa a mara shekara goma. Daga ƙarshe ya rufe da maganar da ta fi kowace kawo kuɗi, wai ba wanda ba ya da shi. Ciwon da kowa ke da shi, kowa mai saye ne. Ciwon da ba shi da iyaka kuma ba ranar warkewarsa, sai dai a dawo a ƙara kwalba.

Mata ne suka fi shan wuya, don haka a nan zan daɗe, kuma a gafarce ni, babu kunya a wajen neman lafiya. Abu na farko da ya kamata kowace uwa ta gaya wa 'yarta shi ne, ba kowane ruwa da ke fita daga gaban mace ne ciwo ba. Mace mai lafiya tana ganin farin ruwa ko mai yauƙi, yana ƙaruwa a tsakiyar wata lokacin da ƙwai ke fita, yana ƙaruwa da juna biyu. Muddin ba wari, ba ƙaiƙayi, ba zafi, wannan halitta ce. Akwai kuma wasu bakteriya masu amfani da Allah ya zaunar a wurin, suna sa shi ɗan tsami yadda miyagun ƙwayoyi ba za su iya zama ba. 'Yan mata nawa ne aka tsorata da wannan ruwa na halitta har suka sha kafso wata da watanni?

To ga inda abin ya zama tarko. Idan mace ta sha antibayotik ba dalili, masu gadin nan ne suke fara mutuwa. Da sun mutu sai funfunar da ake kira kandida, wadda dama tana nan a laɓe, ta samu fili. Sai ƙaiƙayi mai tsanani ya taso, da farin abu mai kauri. Sai ta koma kemis. “Hajiya, ai infekshan ɗin ne ya yi ƙarfi, sai an haɗa da allura.” A ƙara mata antibayotik, wanda ba ya taɓa funfuna ko kaɗan, sai ma ƙara share mata hanya. Maganin da ta saya shi ya kawo ciwon da za ta sake sayen magani a kansa. Haka wata za ta shekara tana zagaye, tana cewa infekshan ɗinta ya ƙi jin magani, alhali abin da take buƙata maganin funfuna ne na 'yan kwanaki da kuma a bar jikinta ya huta. Matse-matse da cushe-cushen da ake yi da sunan gyara, da wanke ciki da sabulu mai ƙarfi ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta, duk aiki ɗaya suke yi: korar masu gadi.

Wannan ma mai sauƙi ne. A ƙarƙashin kalmar akwai abubuwan da suka fi shi nauyi. Macen da ƙaiƙayin funfuna ke yawan dawo mata, wani lokaci ciwon suga ne ke sallama, kuma gwajin digon jini ɗaya zai nuna. Wadda ta taso a yankunan noman rani irin su Kura da Kadawa, tana wanka da wanki a kwata da kududdufi, mai yiwuwa tsargiya ce. Mun saba ganinta a fitsarin jini na yara maza, amma tana kama mahaifa da gaban mace, ta kawo ciwon mara da zubar jini da ruwa, har ma'aikatan lafiya ma su ɗauka ciwon kwanciya ne. Maganinta daban ne, na tsutsa, ba kafso ba. Zafin fitsari kuma sau da yawa bakteriyar hanji ce ta shiga mafitsara, wadda idan aka yi mata rabin magani takan haura ƙoda, ga mai ciki kuma takan jawo haihuwar bakwaini.

Mafi muni ita ce sankarar bakin mahaifa. Alamominta na farko su ne ruwa mai wari da ɗigon jini bayan kwanciya, ko jini bayan mace ta daina al'ada. Kowace daga cikinsu mai lasifika ya riga ya sa ta a jerin infekshan. A ƙididdigar 2020, mata kimanin 12,000 ne suka kamu da wannan sankara a Nijeriya, kimanin 8,000 suka rasu. Ciwo ne da ake iya tarewa idan an gano shi da wuri, amma watannin da ya kamata a gano shi su ne watannin da ake ɓatawa ana shan jiƙo da kafso. Abin takaicin, ita kanta wannan sankara wani bairos ne ke haddasa ta, kuma a Oktoban 2023 aka fara ba 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinsa kyauta, Kano tana cikin jihohin farko. Gidan da aka hana yarinya wannan allura saboda jita-jita, shi ne gidan da uwarta ke sayen kwalba daga bayan mota ba ta tambayi abin da ke ciki ba.

Sai kuma ƙaryar da ta fi kowace daɗin faɗa, wato “infekshan ɗin banɗaki”. Ƙazamin banɗaki yana da nasa sharrin: kwalara, taifot, gudawa, tsutsar ciki, duk ta hannu da ruwa da abinci suke bi su shiga baki. Amma ciwon sanyi da tunjere da kilamidiya ba a kwasar su a bakin masai. Daga jiki suke zuwa jiki. An ƙirƙiro wannan suna ne don a rufa asiri, kuma na san rufin asiri abu ne mai kyau a tsakaninmu. Sai dai a duba wa ake rufa wa, wa ake tona wa. Magidanci ya kwaso ciwo a waje, ya kawo gida, matar ta fara ciwon mara, a ce banɗakin gidan biki ta shiga. Ita za ta sha magani, shi ko kusa. Da ta warke ya sake zuba mata. Idan gidan mata biyu ne ko uku, ciwon ya riƙa bin kwana, kishiyoyi suna zargin juna da ƙazanta. A ɗaya ɓangaren kuma, amarya mai ƙaiƙayin funfuna, wanda ba shi da alaƙa da lalata, har budurwar da ba ta san namiji ba tana yin sa, sai a bi ta da kallon tuhuma, uwar miji ta fara zancen “ta zo mana da infekshan”. Kalma ɗaya ta wanke mai laifi ta shafa wa marar laifi.

Ciwon sanyi da kilamidiya kuwa ba abin wasa ba ne. A jikin mata da yawa ba sa nuna wata alama, suna hawa a hankali su toshe hanyoyin da ƙwai ke bi, su jawo rashin haihuwa ko ciki a wajen mahaifa, wanda kan fashe ya kashe mace cikin sa'o'i. Jaririn da aka haifa ta hanyar da ciwon sanyi ke ciki yana iya makancewa. Wato a cikin ƙaryar mai talla akwai ƙwayar gaskiya, shi ya sa take shiga. Amma hanyar da ta riga ta toshe ba jiƙon da zai buɗe ta, kuma a kusan rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, akwai matsala a ɓangaren namiji. Sau nawa aka ga an kai shi gwaji? Matar ce za a yi ta “wanke wa mara” har ta gaji, a ƙarshe a yi mata kishiya.

Akwai kuma 'yar'uwar wannan kalma, “istaf”. Za ka ga mutum riƙe da takardar ɗakin gwaji hannu na rawa, an rubuta masa cewa istaf ya yi yawa. Ita wannan bakteriya, kusan mutum uku cikin goma masu cikakkiyar lafiya suna ɗauke da ita a hanci, tana kuma zaune a fatar mutane da yawa. Idan aka ɗauki samfur ba da kula ba, auduga ta shafi fata, to za ta fito a gwaji ko da ba ita ke damun mutum ba. Tana da haɗari na gaske idan ta shiga rauni ko ƙashi ko jini. Amma ba ita ce ke “yawo a jiki” ba, kuma ganin sunanta a takarda ba hujjar allurai goma ba ne. Gwajin gaskiya, wanda ake shuka ƙwayar a ga irinta a kuma gwada wane magani ke kashe ta, yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku. Na'urar da ake ba ka wani ƙarfe ka riƙe, kwamfuta ta zayyano maka ciwo ashirin cikin minti biyu, ba ta ganin ƙwayar cuta ko ɗaya. Mai na'urar kuma, in ka lura, shi ne mai maganin.

Duk wannan ba zai yi tasiri haka ba da maganin yana da wuyar samu. Shekaru da dama kasuwar magani ta Sabon Gari ita ce rumbun da Arewa ke ɗiba, har da 'yan kasuwar Nijar da Chadi da Kamaru. Kwalaye a jibge a ƙarƙashin kwano, a garin da zafin Afrilu kan haura 40 a ma'auni, alhali a jikin yawancin kwalayen an rubuta kada a ajiye su a inda ya wuce 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci, kuma antibayotik da maganin zazzaɓin cizon sauro su ne kan gaba a waɗanda ake kai rahoto. A Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya a Kano, hukumar NAFDAC da hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa suka rufe shaguna sama da dubu a Sabon Gari da Malam Kato da titin Niger, aka ce dillalai su koma sabuwar cibiyar da aka gina a Dangwauro, kan hanyar Zariya. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan kuɗin shago da nisa, wasu koke-koken ma da gaskiyarsu. Mataki ne da ya dace, amma ajiyar kwali ya gyara. Kalmar da ke sa a buɗe kwalin ba ta koma Dangwauro ba, tana nan a kowane lungu.

A tsaya a bakin kemis na unguwa da magariba a ji. “Malam, a haɗa min na infekshan, na ɗari biyar.” Sai a ɓallo kafso ja da baƙi guda biyu, ja da rawaya guda biyu, filajil huɗu, a ƙulle a leda ba suna ba kwanan wata. Kuɗin aljihu ne ya yanke yawan maganin, ba ciwo ba. Lasisin irin waɗannan shaguna na magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, bai ba su izinin yin allura ko sayar da akasarin antibayotik ba, kowa ya sani, kowa ya kau da kai. Wata ta mayar da Ampiclox abin sha duk bayan al'ada, wai wankin ciki. Wani yana haɗiyar kafso kafin ya je inda bai kamata ba, wai rigakafi. Allurar jentamaisin da ake tsira wa mutane a bayan labule tana iya lalata ƙoda ta kuma kashe ji, kurumtar da ba ta warkewa. Ja da rawaya ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro, tana ɓata haƙora har abada. Man shafawar nan mai haɗi uku da ake ba kowa, sinadarin da ke cikinsa mai kwantar da ƙaiƙayi nan take shi ne ke ƙara wa funfuna ƙarfi ya kuma sirantar da fata.

Wannan cutar da mutum ɗaya ke nan. Akwai wadda ta shafi gari duka. Wanda ya taɓa fesa fiya-fiyar da aka tsinka da ruwa ya san abin da ke biyo baya: raunanan sauro su faɗi, masu taurin rai su tashi, kuma su ne za su haifi na gobe. Haka bakteriya take da rabin magani. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi da kansa a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, inda ya nuna tsoron ranar da kowa zai iya sayen maganin a kanti, ya sha abin da bai isa ba, ya koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Ranar ta zo. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Kason Nijeriya a wannan lissafi kimanin 64,500 ne.

Ciwon sanyi shi ne misali mafi kusa. Da fenisilin na kashe shi, ya daina. Aka koma ja da rawaya, ya daina ji. Aka koma sifro, shi ma a wurare da yawa ya zama ruwa. Yanzu allurar seftiriyazon ce abin dogaro, kuma a 2018 an samu wanda ita ma ta gaza a kansa a Ingila. Wannan allurar ce ake buƙata idan yaro ya zo da sanƙarau wuya a sandare, ko maijego ta kama zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa, ko jariri ɗan kwana uku ya daina kama nono. Ita ce kuma ake ɓarnatarwa a kan ciwon baya da farin ruwa na halitta. Wanda bai taɓa shan kafso ba dalili ba ma bai tsira ba, don ƙwayar da ta ƙi jin magani a jikin maƙwabcinsa ita za ta iso gidansa ta ruwa ko ta hannu ko ta gadon asibiti.

Masu jiƙo da gari kuwa, ba ina raina itatuwa ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauron da duniya ke dogaro da shi yau daga ganyen tazargade aka fitar da shi. Amma an san abin da ke cikinsa da adadin da ake sha. Kwalbar da ke maganin infekshan da basir da olsa da taifot da ƙarin ƙarfi a lokaci ɗaya ba ta da wannan shaida. Ko lambar NAFDAC da suke ɗagawa sama, irin wadda ake ba magungunan gargajiya, mai ƙarewa da harafin L, ba ta nufin hukumar ta tabbatar maganin yana warkarwa, kuma doka ta ce a rubuta haka a jikin kwalbar. A juya a karanta. Batsar da suke zubawa ta lasifika a gaban yara da 'yan makaranta ita ce ta fi damun mutane, ana ta kuka da ita. Ni ƙaryar ta fi damuna da batsar.

Adalci ne a faɗi cewa ba wauta ke kai mutane kemis ba. Mace ta yi sammako zuwa Asibitin Murtala, ta yanki kati, ta wuni a layi, ta shiga wurin likita namiji da ɗalibai a tsaye, minti uku ya sallame ta. A kemis ba layi, ba kati, ana ba da bashi, kuma yaron ya san sunanta. Wasu ma'aikatan asibitin ma da wannan kalma suke sallamar mutane, “infekshan ne, je ki sha wannan”, ba su ce wane iri ba, ba su ce a turo maigida ba. Daga bakinsu kasuwa ta ɗauke ta. Kuma ba kowane ciwo ne sai an shuka ƙwaya ba, akwai tsarin da ma'aikacin lafiya mai horo ke bi ya ba da magani bisa alamomi inda babu ɗakin gwaji. Amma shi yana tambaya, yana dubawa, yana ba da cikakken adadi, yana neman abokin kwanciya, yana kuma sanin lokacin da zai tura gaba. Wannan shi ne bambancinsa da mai ƙulli a leda.

Gidajen rediyon da ke sayar da rabin sa'a ga mai cewa kowa na da infekshan, su sani suna da kaso a duk ƙodar da ta lalace. Hukumomin magunguna na tarayya sun nuna a 2024 cewa in sun ga dama suna iyawa, to su da hukumar da ke kula da asibitoci masu zaman kansu ta jihar Kano su leƙa bayan labulen kemis da ɗakunan gwajin da ke rubuta istaf ga duk wanda ya shigo. Shugabannin 'yan kasuwar magani, waɗanda da yawansu mutanen kirki ne masu tsoron Allah, su suka fi kowa sanin wa ke yin me a cikinsu. Malamai masu wa'azin aure da masu gyaran amare su daina maimaita zancen banɗaki.

Ke kuma 'yar'uwa, duk wanda ya ce miki infekshan, likita ne ko nas ko mai kemis, ki tambaye shi wane iri, a ina, kuma maigida ma zai sha ko ba zai sha ba. In ya kasa amsawa, kada ki haɗiye. In likita ya rubuta, ki sha yadda ya ce har kwanakin su cika, kada ki raba da maƙwabciya. In kina ganin jini bayan kwanciya, ko bayan kin daina al'ada, ko ciwon mara da zazzaɓi, ko ciwon gefe ɗaya bayan ɓatan wata, wannan ba na kemis ba ne, ki je asibiti a ranar. Kai kuma maigida, in aka ce iyalinka na da shi, kada ka miƙa kuɗi ka juya baya. Ka raka ta, ka shiga, kai ma a gwada ka.